Photomath: Yadda Kyamarar Waya Ke Warware Lissafi

Ka buɗe manhajar, ka saita kyamarar wayarka a kan tambayar, kafin ka ƙifta ido amsa ta fito. Haka Photomath take aiki. An ƙirƙiro ta a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, a 2014, kuma Google ya kammala sayenta a 2023. Tana nan a Android da iPhone kyauta, sai dai wasu ƙarin bayanan na kuɗi ne.

Aikinta hawa biyu ne. Da farko tana karanta lambobi da alamomin da ke cikin hoton, ko da rubutun hannu ne, sannan ta warware. Idan ka ɗauki 2x + 6 = 14, za ta nuna maka an cire 6 daga kowane ɓangare, saura 2x = 8, an raba da 2, x ya zama 4.

A hawan farko ne aka fi samun matsala. In rubutunka ya cakuɗe ko haske ya yi ƙaranci, tana iya ɗaukar 7 a matsayin 1, ta ba ka amsar wata tambaya daban. Don haka ka riƙa duba abin da ta karanta tukuna, akwai wurin gyarawa.

Ga mai shirin WAEC ko NECO kuwa, waya ba ta shiga ɗakin jarrabawa, kuma a ɓangaren rubutu ana ba da maki a kan matakan da aka bi. Gara ka fara gwadawa a takarda, sannan ka ɗauki hoton ka ga layin da ka kauce.