Zinariyar Gado da Zoben Aure: Abin Lura Kafin a Je Maƙera

A ƙasar Dendi, tun daga Gaya da ke bakin Kwara har zuwa Bengu da Bana da sauran garuruwan kwarin Dallol Mawri da Dallol Foga, da wuya mutum ya shiga gidan da ya daɗe da kafuwa ya rasa wata tsohuwar kwalla ko adudu a ƙuryar ɗakin uwargida, inda aka ƙulle a tsumma 'yan mundayen azurfa da suka yi baƙi, da warwaron da ya lanƙwashe, da ɗan kunnen zinariya guda wanda ɗan'uwansa ya salwanta, da silin murjani da zarensa ya tsinke. Shekara da shekaru ba a waiwayar kayan nan sai ranar da fari ko rashin lafiya ya matsa. To, yanzu da samari suka fara ɗaukar al'adar miƙa zobe lokacin baiko, farashin zinariya kuwa ya yi tashin da talaka ba ya iya bin sa, domin oza guda, wato giram 31.1, wadda take dalar Amurka 35 kafin 1971, ta haye 2,000 a 2020, ta kuma haye 3,000 a 2025, sai hankalin iyaye ya komo kan kwallar nan, suna cewa me zai hana a kai wa maƙeri tsohon ya fitar da sabo. Shawarar tana da kyau, amma tana da sharuɗɗa waɗanda in aka tsallake su, abin da aka nufa na sada zumunci shi ne zai raba shi.

Zoben lu'ulu'u na baiko al'adar Turawa ce, kuma ko a wurinsu ba ta daɗe da zama ta kowa da kowa ba. Marubutansu sukan ambaci zoben da Maximilian na Ostiriya ya ba Maryamu ta Burgundy a 1477, amma wannan sha'anin gidajen sarauta ne. Abin bai game jama'a ba sai bayan da aka tono ma'adinan Kimberley a Afirka ta Kudu, aka kafa kamfanin De Beers a 1888, kamfanin kuma, da ya ga kasuwa ta faɗi, ya ɗauki masu talla na N. W. Ayer a 1938 suka dinga cusa wa Amurkawa cewa soyayya ba ta cika sai da wannan dutse, har a 1947 suka ƙaga kirarin da ya ɗaure shi da dawwama. A shekarar nan ta 1947 ce Yarima Philip, wanda ba shi da dukiyar da ta kai ta gidan surukansa, ya karɓi kambin mahaifiyarsa Gimbiya Alice, aka ɓamɓare duwatsunsa a Landan, aka dasa waɗansu a zoben baikon da ya ba Gimbiya Elizabeth ta gidan sarautar Ingila, sauran kuma aka yi mata abin hannu da su. Jikansa Harry ya bi sawunsa a 2017, da ya sa duwatsu biyu daga kayan mahaifiyarsa Diana a gefen wani da aka samo daga Botswana.

Mu kuwa muna da asalin da ya girmi wannan nesa. Masu sira sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Nana Zainab 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta aiko da fansar mijinta Abul Asi, a ciki har da abin wuyan da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Da Manzo ya gan shi sai tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi yardar sahabbai a saki mutumin a kuma mayar mata da kayanta. Ashe ke nan adon da uwa ta sa wa 'yarta yana ɗauke da wani nauyi wanda ma'auni ba ya nuna shi.

A ƙasarmu ma sake ƙira tsohuwar sana'a ce, domin akasarin azurfar kakanninmu da kuɗi ta fara. Fataken da ke bi ta Dendi zuwa Gwanja neman goro, da masu zuwa sayen gishirin Foga, da ayarin Sahara, su suka watsa liyari, wato kuɗin azurfa na Maria Theresa, wanda aka ci gaba da bugawa da shekarar rasuwarta, 1780, nauyinsa giram 28, kashi 833 cikin 1,000 na jikinsa azurfa ce tsantsa; matafiyi Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin irinsa a kan wuri 2,500. Daga baya azurfar Faransa ta faran 5, mai giram 25, da sulallan Ingilishi na farko suka biyo, maƙeran fari kuwa suka yi ta narka su suna fitar da mundaye da zobba. Mata sun riƙe kayan nan a matsayin ado da kuma asusu, kuma waɗanda suka ga Janairun 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, sun shaida cewa wadda ta ajiye zinariya ta fi wadda ta ajiye takarda kwanciyar hankali.

Sharaɗi na farko, wanda kuma aka fi sakaci da shi, shi ne mallaka. An saba ji a gidaje da yawa cewa kayan adon uwa na 'ya'yanta mata ne, ko na babbarsu, alhali a shari'a duk abin da mamaciya ta bari, daga gona har zuwa zoben yatsa, tarika ce da ake rabawa bisa ƙa'idar Suratun Nisa'i bayan an biya bashi da wasiyya. A misali, mace ta rasu ta bar zinariya giram 48, da miji, da ɗa namiji guda, da 'ya'ya mata biyu, iyayenta kuma sun riga ta: miji yana da rubu'i, giram 12, sauran 36 a kasa huɗu, namiji ya ɗauki 18, kowace mace 9. Wanda ya kwashi giram 48 ɗin nan ya ƙera wa amaryarsa ko 'yarsa ba tare da yardar sauran ba, ya ɗaura aure da hakkin mutane. In kuwa akwai maraya ƙarami a cikin magada, to ko yardarsa ba ta ƙulla kome, kuma waliyyinsa ba shi da ikon yin kyauta da rabonsa.

Sau da yawa za ka ji wata ta ce, “Ai Inna ta ce nawa ne tun tana da rai.” Fuƙaha'un Malikiyya sun shardanta wa kyauta hauzi, wato wanda aka ba ya karɓe abin ya koma hannunsa tun mai bayarwa yana da lafiya; in maganar baki ce kawai, kayan kuma suna cikin kwallar Inna har ta cika, kyautar ta ɓaci ta koma gado. In kuma aka ce wasiyya ce, to ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun zartar, wanda ba magaji ba kuwa, kamar jikanya ta wajen 'ya, ba a wuce masa sulusi. Saboda haka tsohuwar da ke son jikanyarta ta shiga ɗaki da warwaronta, ta miƙa mata shi yau a gaban shaidu.

Sharaɗi na biyu shi ne awo. Duk wanda ya zauna a rumfar maƙerin zinariya na ƙwarai ya san ba ya hura wuta sai ya gama da ma'auni. Hajiya za ta kwance tsumma, shi kuma ya ɗora kayan ɗaya ɗaya, ya juyo mata fuskar ma'aunin ta gani da idonta, sa'an nan ya duba cikin zobe ko maƙullin sarƙa ko akwai hatimi: 916 alamar ƙirati 22 ce, 875 ƙirati 21, irin wadda alhazai suka fi kawowa daga Makka da Dubai, 750 kuwa ƙirati 18. Da yake hatimi yana iya ƙarya, sai ya goga kayan a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen da ya fito, in ya tsaya zinariya ce, in ya gushe an yi mata wanka ne kawai. Daga nan zai ce, “Hajiya, wannan da wannan ba uwa ɗaya ba ce, in na haɗa su a kasko guda zan rage wa babbar daraja, kuma ki sani wuta za ta ci nata.” Ita kuma ta ce, “To, Malam, faɗa mini nawa za ta ci tun yanzu, a rubuta.” Maganarsa gaskiya ce, domin zinariya tsantsa ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 1,064, kuma dauɗa da tsohon liƙi da abin da ke zuba wajen gurza duk suna rage nauyi, maganarta ita ma gaskiya ce, domin ragin da ba a ƙayyade ba ƙofar zargi ce. Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamunin abin da aka danƙa masa in ya salwanta, sai fa in ya kawo shaida, takardar awo kuwa kariya ce gare shi da mai kaya baki ɗaya.

In akwai dutse a jikin kayan, to cire shi ake fara yi. Lu'ulu'u ya fi kowane dutse tauri, yana kan mataki na 10 a ma'aunin Mohs, amma asalinsa ɗaya da gawayi, wuta mai ƙarfi tana ƙona fuskarsa, bugu guda kuma a kan jijiyarsa yana iya tsaga shi. Murjani ya fi shi rauni nesa, ba ya jure zafi ko ruwan gwaji. Ƙwararre yakan buɗe 'yan faratan da suka riƙe dutsen a hankali, ya auna shi shi kaɗai da ƙiratin duwatsu, wanda yake ɗaya bisa biyar na giram, ya nuna wa mai shi duk tabon da ke ciki, don ya gane kayansa ranar karɓa. A nan ne kuma gidaje da yawa suke gano cewa abin da suke kira lu'ulu'un kaka gilashi ne. Abin sha'awa, shari'a ta riga ta yi umurni da wannan rarrabewa saboda wani dalili na daban: Muslim ya ruwaito cewa Fadalatu ɗan Ubaidu ya sayi abin wuya ranar Khaibar a kan dinari 12, da ya ware duwatsun sai ya tarar zinariyar ta fi 12, Manzon Allah kuma ya hana a sayar da irinsa sai an rarrabe.

Wannan shi ya kawo mu ga mas'alar riba, wadda mutanen kirki suke afkawa cikinta ba da sani ba. Mai kanti yakan ce a ba shi tsohuwa giram 20 ya ba da sabuwa giram 18, ragowar ta zama ladan ƙira. Zinariya da zinariya kuwa ba a musanya su sai nauyi daidai da nauyi, hannu da hannu, kuma Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani maƙeri ya bi Abdullahi ɗan Umar yana ta neman ya halatta masa ƙarin ladan aikinsa a irin wannan ciniki, shi kuwa ya ƙi. Mafita biyu ce, kuma duk masu sauƙi: ko a sayar da tsohuwar a karɓi kuɗi a hannu sa'an nan a sayi sabuwa, ko kuwa a ɗauki maƙerin ijara ya ƙera ainihin zinariyar da aka kawo masa, a biya shi ladansa da sefa ko naira.

Akwai kuma abin da ango zai tuna. Zinariya haramun ce ga namiji, zoben Manzon Allah na azurfa ne, don haka ƙirar ta amarya ce. Baiko alkawari ne, bai kai ɗaurin aure ba. Malaman Malikiyya na baya sun rinjayar da cewa in fasawa ta fito daga namiji ba ya karɓar kyautarsa, in daga ɓangaren mace ne yana iya karɓa, sai in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa. In kuma aka sa zoben a sadaki, wanda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne ko dirhami uku, ya zama mallakar matar, ta sayar ko ta kyautar. Wanda bai shirya ganin zinariyar mahaifiyarsa ta bar gidansu ba, kada ya miƙa ta. Haka nan adon da mace take sawa ba shi da zakka a mazhabarmu, amma wanda aka ajiye don ɓacin rana ko don biyan sadaki, Mukhtasar na Khalil ya sa shi cikin abin da ake fitar wa zakka in ya kai nisabi, misƙali 20, kimanin giram 85, shekara kuma ta zagayo.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne a san abin da bai kamata a narka ba. Ɗan kunnen da ya rasa abokinsa, da sarƙar da ta tsittsinke, da zoben da ya sheme, waɗannan ba a yi asarar kome ba in sun shiga kasko. Amma munduwar da wani maƙerin fari ya sassaƙa wa zane da hannu shekaru ɗari da suka wuce, darajarta a aikin take, azurfarta ba ta taka kara ta karya ba, kuma in ta narke babu mai maido ta, domin masu wannan hannu sun ƙaranta. Irin wannan a wanke ta, a gyara maƙullinta, a ba amarya yadda take, a gaya mata sunan wadda ta fara sa ta.

Saboda haka muna kira ga iyaye da samarin Bengu da Gaya da Kamba, da duk inda wannan rubutu ya isa: kafin ku tafi maƙera ku fara zuwa zauren malami a raba gado, ku sami yardar kowane magaji a gaban shaidu, ku auna, ku rubuta, ku biya maƙeri ladansa da kuɗi. Allah ya sa albarka a auren 'ya'yanmu, ya kuma jiƙan iyayen da suka bar mana abin da muke ƙerawa.