Tsintaccen Kare Ma Yana Kare

Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage. Da wannan karin magana maƙwabta suka tare ni ranar da na sauko daga Keke Napep a Hayin Dogo, rungume da kwali, wani abu yana rawar ɗari a cikinsa. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe Samaru har ba a hango dutsen Kufena. Kwikwiyo ne, a bayan kasuwar Sabon Gari na gamu da shi, kusa da layin dogo. Yara sun ɗaura masa igiya a wuya suna ja, wasu na bin sa da jifa. Haƙarƙarinsa a waje, kaska ta cika kunnuwansa, a gadon bayansa kuma ga tabon da ruwan zafi ya bari. Na ba yaran kuɗin alewa suka sakar mini igiyar. Abin da ya tsayar da ni a wurin shi ne hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa saboda haka.

Matsayin kare a bakin Bahaushe abin a tsaya a duba ne. Idan za a ƙasƙanta mutum, da sunansa ake zagi. Baƙar magana idan ta kai maƙura, sai a ce ko kare ba zai ci ba. Wanda ake turawa aikin ɓarna shi ne karen farautar wani, wanda ya samu dama yana abin da ya ga dama kuwa yana cin karensa ba babbaka. Amma bakin da ya faɗi waɗannan shi ne ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma shi ne ya tsaya wa kare ya yi mamakin ranar da kura za ta ce da shi maye. Muna raina shi da rana, da dare kuma mu yi barci da ƙarfin haushinsa.

Washegari na kai kwikwiyon asibitin koyarwa na dabbobi da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Likitar da ta duba shi ta fara da buɗe bakinsa. Ta nuna mini haƙoran gaba da suka fara zubewa, ta ce bai wuce wata huɗu ba. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, su zube tsakanin wata huɗu zuwa shida ko bakwai, na girma guda 42 su maye gurbinsu. Ta cire kaskar, ta ba shi maganin tsutsar ciki, aka sa ranar allurar riga-kafi. Sannan ta dube ni ta ce, "Malam, ka yi alheri, amma ka yi ganganci da ka ɗauke shi da hannu. Ba ka san abin da ya cije shi a titi ba. A killace shi, kada yara su taɓa shi sai mun gamsu da lafiyarsa."

Gaskiyarta. Ciwon haukan kare idan ya bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suke ɗauka. Yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kusan kashi 40 cikin ɗari na masu mutuwar. Alhali maganin abin ya daɗe a hannu: tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro a Faransa da allurarsa, shi ya sa ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ta zama ranar yaƙi da cutar a duniya. A nan gida ma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin allurar karnuka. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, ya bar batun ƙona gashin kare a shafa a ciwo. Riga-kafi ya fi magani, a wannan cuta kuwa shi kaɗai ne maganin.

Na kafa masa 'yar rumfa a bayan garken awaki, na shimfiɗa buhu, na ware masa kwanonsa. Makon farko ko haushi bai yi ba. Idan na shigo da abinci sai ya manne da bango, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kawar da kai. Idan na ɗaga buta sai ya saki fitsari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai wani ɗan lokaci a rayuwar kwikwiyo, daga mako uku zuwa wajen mako goma sha biyu, da yake koyon abin da zai amince da shi a duniya. Shi kuwa wannan a lokacin ne duniya ta koya masa cewa hannun ɗan Adam dutse yake ɗauka. Don haka na daina miƙa hannu. Bayan la'asar sai in ɗauki kujera in zauna nesa da shi, in juya masa gefe, in buɗe littafi. Kallon ido cikin ido barazana ce a wurin kare. A rana ta tara ya taso da kansa, ya shinshina ƙafata, ya koma. Ban motsa ba, amma zuciyata ta cika.

Da tsoro ya sake shi, ciki ya cika, allura ta kammala, sai wani kare daban ya fito daga cikin wancan. Yara suka sa masa suna Guguwa, sunan kuma ya bi shi. Ya tone lambun alayyafon uwargida. Ya tarwatsa kaji har wata ta kwana a kan katanga. Ya ja zanin da aka shanya ya zagaya tsakar gida da shi. Idan baƙo ya yi sallama sai ya dira masa a ƙirji don murna. Takalma kuwa, da aka ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, to a gidanmu mun ga tabbacin maganar har ƙafa shida. Dalilin a fili yake: dasashi na yi masa ƙaiƙayi saboda sababbin haƙora, takalmi kuma ya fi komai ɗaukar warin mai shi. Wata rana uwargida ta ce, "Malam, ko dai a mayar da shi inda aka samo shi?" Ban ga laifinta ba, ita ke wuni da ɓarnar.

Wani dattijo maharbi daga wajen Bomo, wanda yakan kawo mana zuma, shi ya warware mini matsalar. Ya tsuguna ya ƙare wa Guguwa kallo, ya shafa ƙirjinsa, ya ɗaga ƙafarsa ta baya. Na ce, "Baba, karen nan ya gagare ni." Ya ce, "Ɗana, ba gagara ba ce, zaman banza ne. Dubi ƙirar jikinsa. Wannan kakanninsa zomo suke kamawa a guje, kai kuma ka ajiye shi a wurin da bai fi tabarma goma ba. Ka fara gajiyar da ƙafarsa, sannan ka yi magana da kunnensa."

Sai a ranar na kalli jikin nasa da idon basira. Karen ƙasar Hausa siriri ne, mai dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, gajeren gashi kalar jar ƙasa, kunnuwa a tsaye. Ba shi da nauyin karnukan Turawa da ake gani a gidajen malaman jami'a. Ya fi kama da ɗan uwansa na Azawak da Buzaye ke kiwo a Nijar da Mali. Jiki ne da aka ƙera domin gudu a fili, irin wanda 'yan farauta ke lodawa a mota da rani, da gorori a kafaɗa, a nufi daji. Ƙarfin da ke cikin irin wannan jiki dole ya fita. In bai fita a daji ba, zai fita a lambun alayyafo.

Daga nan na sauya tsari. Bayan sallar asuba sai in sa masa igiya mu bi hanyar gonaki, tafiyar awa guda, wani wuri da sassarfa. Da bazara ta shigo na ƙara riƙe wannan lokaci, domin kare ba ya gumi kamar mu. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne, sauran zafin da haki yake fitar da shi, harshe a waje. Gudu da tsakar ranar watan Afrilu a Zariya zai iya kashe shi, kwalta kuma ta ƙona masa tafi.

Bayan ƙafa sai hanci. A hancin mutum akwai ƙwayoyin jin wari wajen miliyan biyar ko shida, a na kare kuwa sun haura miliyan ɗari, a wasu irin har su kusa miliyan 300. Abin da muke karantawa da ido, shi da hanci yake karanta shi: wa ya wuce ta nan, yaushe, ina ya nufa. Na daina fizgar igiya idan ya tsaya shinshina gindin bishiya. A gida kuma yara suka samu wasa: su ja guntun ganda a ƙasa, su zagaya turmi, su ɓoye ta a ƙarƙashin kwando, a sake shi ya bi sawu. Minti goma na wannan aiki yana kwantar da shi fiye da doguwar tafiya.

Sai aka zo kan kunne. Kalma huɗu muka zaɓa: zo, zauna, bari, kwanta. Na tara mutanen gida muka yi yarjejeniya kowa ya riƙa amfani da su yadda suke, kada wani ya ce "zo" wani ya ce "taho". Ladan aiki ɗan guntun ƙuli-ƙuli ne ko busasshen kifi, kuma a take ake bayarwa, gindinsa na taɓa ƙasa lada na shiga baki. Kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya yi a wannan ƙiftawar ido. Wanda ya dawo daga aiki da yamma ya doki kare saboda takalmin da ya tauna da safe, abu ɗaya ya koya masa: dawowar maigida masifa ce. Darasi ba ya wuce minti biyar, sau uku a rana, a tashi tun bai gundura ba. Idan ya yi tsalle ya hau mutum, a juya masa baya a yi shiru, ƙafafunsa huɗu na sauka a gaishe shi. Muka kwashe takalma muka ba shi ƙatuwar igiya mai ƙulli ya tauna. Uwargida ta kiyaye kada miya mai albasa ko ƙashin kaza dafaffe su shiga kwanonsa, don albasa tana lalata jinin kare, ƙashin kuma yana tsagewa ya soki hanji. Doka ɗaya na fi tsanantawa: ba a taɓa kiran sa da "zo" domin a hukunta shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hankali ake yi, wanda ya yi gaggawa karya shi zai yi.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne bin babur. Tun muna yara ake ba mu labarin jaki da akuya da kare da suka shiga mota. Jaki ya biya kuɗinsa cif, shi ya sa ba ya kauce wa mota. Akuya ba ta biya ba, shi ya sa take arcewa. Kare kuwa direba ya tafi da canjinsa, har yau yana bin sa. Asalin abin kuwa ɗabi'ar farauta ce: duk abin da ya gifta da gudu, jikinsa ke amsawa kafin tunaninsa. Sai na riƙa zama da shi nesa da titin Sakkwato, inda yake ganin 'yan acaba amma bai kai ga zabura ba. Babur ya wuce, ya waiwayo ya dube ni, ƙuli-ƙuli. Kowane mako mu matsa kusa da taku kaɗan. Wata biyu muka yi a haka. Sannu ba ta hana zuwa.

Ta fuskar addini ban shiga ruɗu ba. Guguwa ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar wurin salla, aikinsa tsaron awaki da kaji, kuma shari'a ta yarda da kare domin farauta da kiwo da gona. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki bin umarni ne. Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin nan a bakin kogo, ya miƙe ƙafafunsa na gaba. Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarren kare ya kamo, malaman fiƙihu suka bayyana alamar horarre: idan an tura shi ya tafi, idan an tsawata masa ya tsaya. Tafiya kowane kare ya iya ta. Tsayawar ita ce tarbiyya.

Da kaka ta zo, an girbe dawa an bar kara a tsaye, muka fita da dattijon nan gonakin bayan Bomo. Ya ce, "Ɗana, kwance masa igiya." Hannuna na rawa na kwance. Ba mu yi nisa ba zomo ya tashi daga gindin sabara, Guguwa ya bi shi kamar kibiya, ƙura ta turnuƙe. Can gaba akwai hanyar da motocin yashi ke bi. Na cika ƙirji na kira shi sau ɗaya: "Guguwa, zo!" Ya ƙara taku uku ko huɗu, ya ja birki har ƙasa ta tashi. Ya dubi inda zomo ya ɓace, jikinsa duk yana tsuma. Sannan ya juyo, ya sheƙo a guje, ya zauna a gabana yana haki, tabon ruwan zafin nan na sheƙi a bayansa.

Dattijo ya jinjina kai ya ce, "Ya bar zomo saboda muryarka. Yanzu ka yi kare." Na tsuguna na miƙa hannu, hannun da shekara guda da ta wuce yake gani ya manne da bango, sai ya ɗora haɓarsa a kai.