Muhawara kan Jagorancin Duniya da Kamewa a Manufofin Ƙetare na Amurka

Masana hulɗar ƙasashe a Amurka sun kasu gida biyu dangane da rawar da ta kamata ƙasarsu ta taka a duniya.

Rukuni na farko su ne masu ra'ayin jagorancin duniya bisa tafarkin 'yanci. A ganinsu, tsaron Amurka ya rataya ne a kan yaɗuwar dimokuraɗiyya da ciniki maras shinge da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Wannan ra'ayi ya samo tushe daga manufofi 14 da Shugaba Woodrow Wilson ya gabatar a 1918, ya kuma kankama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 da ƙawancen tsaro na NATO a 1949. Hujjarsu ita ce Jamus da Japan, waɗanda suka tashi daga abokan gaba suka zama ƙawaye. A wurinsu rigakafi ya fi magani.

Rukuni na biyu kuwa su ne masu ra'ayin kamewa. Suna danganta ra'ayinsu da jawabin bankwana na George Washington a 1796, inda ya yi gargaɗi game da ƙulla ƙawance na dindindin. Daga cikin fitattunsu a wannan zamani akwai Barry Posen da John Mearsheimer. Suna cewa bakin bindiga ba ya shuka dimokuraɗiyya a ƙasar wasu. Suna kafa hujja da mamayar Iraƙi a 2003, da kuma yaƙin Afganistan da aka fara a 2001, wanda ya ƙare a 2021 da komawar Taliban kan mulki. Haka nan, bayan hare-haren NATO a Libiya da kifar da Gaddafi a 2011, makamai sun kwararo yankin Sahel, suka rura tawayen arewacin Mali a 2012.

Abin lura shi ne, duka rukunonin sun yarda da ciniki da diflomasiyya. Saɓaninsu yana kan iyakar amfani da ƙarfin soja. Mamayar da Rasha ta yi wa Yukren a 2022 ta sake fito da wannan saɓani fili: na farko suka ce faɗaɗa NATO kariya ce ga ƙananan ƙasashe, Mearsheimer kuwa ya ce faɗaɗawar ce ta tunzura Rasha.