Riba Kaka Ce: Abin Da Unguwar Plateau Ke Koya Wa Masu Jagorancin Kasuwanci

Duk wanda ya bi titunan unguwar Plateau a Yamai da safe, zai ga motoci na tsayawa a ƙofar ma'aikatun gwamnati, ofisoshin jakadanci da na kamfanoni. Tun bayan da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, wannan tudu ya zama wurin da ake sa hannu a takardu. Sai dai yawancin masu shiga da jakunkuna suna tunanin kwangilar bana ne da kuɗin da za a biya a ƙarshen wata. Kaɗan ne ke tambayar kansu inda kamfaninsu zai kasance nan da shekara 20.

Tarihin arzikin Nijar kuwa tarihin kaka ne. An yi kakar gyaɗa, lokacin da aka kafa kamfanin SONARA a 1962, alhazan Maraɗi suka yi suna, har farin 1973 da 1974 ya karya ta. An yi kakar yuraniyom: SOMAÏR ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a 1978, kuɗi suka kwarara, manyan gine-gine irin su otel Gaweye suka tashi a bakin kogi. Da farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai ɗumbin bashin da ba a biya ba ya danne bankin raya ƙasa na BDRN, aka rufe shi a 1990, SONIBANK ya maye gurbinsa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya toshe hanyar Kwatano, ya katse lantarkin da ke zuwa daga Najeriya. Ɗan kasuwar da ya shekara 40 yana sana'a a ƙasar nan ya ga ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Wasu na kafa hujja da wannan su ce dogon shiri ɓata lokaci ne, tunda ba a san abin da gobe za ta haifa ba. Ni a ganina akasin haka ne. Inda iska ke yawan juyawa, can ne aka fi bukatar saiwa mai zurfi. Manomi bai san yadda damina za ta kasance ba, amma ba ya cin irinsa.

Farkon abin da dogon shiri ke bukata shi ne niyya. Musulmi ya san ba a tayar da salla ba tare da ita ba, to don me za a tayar da kamfani babu ita? Niyyar shugaba ba "in samu kuɗi" ba ce, domin kowa na son kuɗi. Niyya ita ce ya iya faɗa a jimla ɗaya wace bukata ta jama'a yake biya, da kuma abin da ba zai taɓa ba ko da riba ta kira shi. Wanda bai da wannan, yau yana shigo da shinkafa, gobe siminti, jibi yana neman kwangilar kujerun makaranta. Yana iya tara dukiya, amma bai gina komai ba.

Akwai misali a gida. A 1994, shekarar da sefa ta faɗi, Zeinabou Maidah ta fara sarrafa nono a Yamai da ɗan ƙaramin jari. Kamfaninta na Niger-Lait ya haura shekara 30 yana kan sana'a guda. Akwai misali a maƙwabta. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a Kano a 1955, ya yi fataucin goro da gyaɗa, amma babban abin da ya bari shi ne ƴaƴa da yaran gida da suka iya kasuwa. Daga wannan zuriya Aliko Dangote ya fito, wanda ya bayyana shirin gina matatar mai a 2013, ba a ƙaddamar da ita ba sai a Mayun 2023, da ƙarfin tace ganga 650,000 a rana. Shekara 10 ana zuba kuɗi ba a ga ko ɗigon fetur ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na biyu shi ne raba aljihun maigida da asusun kamfani. Nan ne ciwonmu yake. Biki, suna, aikin hajji da taimakon dangi duk alheri ne, amma idan daga uwar kuɗi suke fita, kamfani ramewa yake yi ba a sani ba. Shugaba ya yanka wa kansa albashi, ya yi kyautarsa daga ciki, ya bar littafin lissafi a hannun wanda ya ƙware, ya kuma ware wani kaso na riba don ranar da iyaka za ta rufe ko gobara ta tashi. Mutanen Yamai ba su manta da gobarar Babbar Kasuwa ta 1982 da ta Ƙaramar Kasuwa ta 2012 ba.

Abu na uku, wanda ya fi wuyar faɗa, shi ne magaji. Gidajen kasuwanci nawa muka gani sun watse kafin a yi sadakar arba'in ta maigida? Ba don ƴaƴansa ba su da hankali ba, sai don komai yana kansa: sunayen masu bashi, alƙawarin dillalai, makullin sito. Tsohon tsarinmu na uban gida da yaronsa ya san maganin wannan, domin uban gida yakan koyar da yaro, ya gwada amanarsa, sannan ya ba shi jari ya sallame shi. Abin da ya rage mana shi ne mu sa wannan hikima a rubuce: wa ke da wane kaso, wa ke yanke shawara, wa zai riƙe ragama idan ta Allah ta kasance.

Yanzu wata kaka ta kama. Tun 2011 matatar mai ta SORAZ ke aiki a jihar Damagaram, a 2024 kuma ɗanyen man Agadem ya fara fita ta bututu zuwa gaɓar tekun Benin. Kuɗi za su sake bi ta ofisoshin Plateau, kamar yadda na yuraniyom suka bi. COMINAK kansa ya rufe mahaƙarsa a 2021, domin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ƙarewa yake yi.

Kira na ga duk mai kamfani shi ne: ka zauna a wannan mako ka rubuta niyyarka, ka raba asusunka, ka fara horar da wanda zai gaje ka. Ba da yawan motocin da ke ƙofar gidanka za a auna jagorancinka ba. Za a auna shi ne da ko ma'aikatanka za su karɓi albashinsu a watan da ba ka nan.