ALJANU A TSAKIYAR BIRNI: ABIN DA MASU KARATU SU KE CEWA GAME DA LITTAFIN EMMA BULL

A cikin 1987 wata mace mutuniyar Amurka, sunanta Emma Bull, ta fitar da littafinta na farko na ƙagaggen labari, ta sa masa suna War for the Oaks, watau yaƙi saboda itatuwan oak, wani babban itace na ƙasashen sanyi. A cikin 1988 masu karanta mujallar Locus suka zaɓe shi ya zama gwani cikin littattafan farko na sababbin marubuta, aka kuma sake buga shi a 2001. Yau fiye da shekara 35 ke nan, amma gardamar da a ke yi a kansa ba ta kwanta ba. Mun ga ya kyautu mu kawo wa masu karatunmu ita, musamman malaman makaranta, don akwai abin lura a ciki game da yadda a ke auna littafi.

Tun da fari mu gane irin aljanun da a ke nufi. Ba su ne waɗanda malamanmu suka karanta mana labarinsu ba. Waɗansu halittu ne na tatsuniyoyin mutanen Ailan da Sikotilan, waɗanda a ke cewa suna zaune a ƙarƙashin tuddai da cikin kurmi, ba su tsufa, ba su son baƙin ƙarfe. Mutanen Sikotilan sun kasa su gida biyu: fadar Seelie, masu ɗan rangwame ga ɗan Adam, da fadar Unseelie, miyagu. Abin da Emma Bull ta yi shi ne ta ɗebo su daga kurmi ta zuba su a titunan Minneapolis, wani birni na jihar Minnesota, tsakanin motoci da fitilun lantarki. Ba don yara ta rubuta ba, don manya ne.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Wata mawaƙiya mai kaɗa jita, Eddi McCandry, ta rabu da saurayinta da ƙungiyar makaɗansu a dare ɗaya. Tana kan hanyar gida sai aljanu suka tare ta, suka ce gidajen nan biyu za su yi yaƙi a kan wanda zai mallaki birnin. Su kuwa ba su mutuwa, sai in akwai ɗan Adam a fagen fama, sa'an nan ne makami zai yi kisa. Saboda haka suka zaɓe ta, ko ta so ko ta ƙi. Aka sa mata mai tsaro, wani aljani da a ke kira phouka, wanda ya kan rikiɗa, wani lokaci baƙin kare, wani lokaci mutum baƙar fata mai son ado da ba'a. Aka yi karon farko a bakin magangarar ruwan Minnehaha, mai tsawon ƙafa 53. Daga ƙarshe aka raba gardama da gasar kiɗa tsakanin Eddi da sarauniyar miyagun.

To, a nan ne masu karatu suka rabu.

Masu yabo, abin da suka fi ambata shi ne phouka ɗin nan. Sun ce bakinsa da zaƙi, kuma yadda ƙiyayyar Eddi ta juye ta zama soyayya sannu a hankali ne, ba farat ɗaya ba. Da yawa sun ce sifarsa ta tuna musu da Prince, shahararren mawaƙin nan haifaffen Minneapolis, wanda ya rasu a 2016. Mazauna birnin kuwa murnarsu ita ce wuraren da aka ambata na gaskiya ne, mutum ya iya zuwa ya tsaya a kansu, kamar gidan rawa na First Avenue, inda aka ɗauki majigin Purple Rain na 1984. Waɗansu kuma sun yaba da yadda marubuciyar ta san kiɗa, gama ita kanta mawaƙiya ce, ta yi waƙa a cikin wata ƙungiya mai suna Cats Laughing.

Masu suka su ma suna da hujja. Na farko sun ce littafin ya tsufa: bayanin tufafi da waƙoƙin shekarun 1980 ya yi yawa, wanda bai ga zamanin ba sai ya gaji. Na biyu sun ce waƙar da aka rubuta a takarda ba amo gare ta, karanta labarin kiɗa kamar jin labarin tuwo ne ga mai yunwa. Na uku, waɗansu ba su ji daɗin yadda mai tsaron nan ya tare a ɗakin mace ba tare da yardarta ba, sa'an nan daga baya a ce ta so shi. Wannan magana ce mai nauyi, mu ma ba mu raina ta ba.

Amma sukar da ta fi yawa ita ce ta huɗu, wai babu sabon abu a ciki: mace jaruma, fada biyu masu gaba, aljani kyakkyawa, duk sun sha karanta irinsu. A nan ne mu ke ganin an yi rashin adalci. A duba shekaru. Jim Butcher ya fara jerin littattafansa na birnin Chicago a 2000. Laurell K. Hamilton ta fara nata na gimbiyar aljanu a wannan shekara. Holly Black ta fitar da Tithe a 2002, Seanan McGuire ta fara nata na San Francisco a 2009. Dukkansu a bayan Emma Bull suka zo. Gaskiya ne ba ita kaɗai ta share hanyar ba, Charles de Lint na Kanada ya riga ta da Moonheart a 1984, amma tana cikin 'yan sahun farko. In ɗa ya yi kama da ubansa, ai ba a cewa uban ne ya kwaikwayi ɗan. Daga na gaba a ke ganin zurfin ruwa.

Wani abu kuma da masu gaggawa ba su kan lura da shi ba: aljanun nan, duk da kyansu da tsawon ransu, sai da suka nemi ɗan Adam mai mutuwa kafin yaƙinsu ya zama na gaske. Sa'ad da mutuwa ta ɗauki wani na kusa da Eddi, nan ne mai karatu zai gane labarin ya wuce wasan yara.

Shawararmu ga malamai da ma'aikata ita ce, in za ku auna littafi, ku fara tambayar yaushe aka rubuta shi, me ya tarar, me kuma ya bari. Da wannan mudu ya kamata ɗalibanku su auna Ruwan Bagaja da Ganɗoki, waɗanda aka buga tun 1934, kada su ce sun tsufa don kawai sun ga jikokinsu a kasuwa. Wanda kuma ya karanta littafin Emma Bull, ya ga ra'ayinsa ya saɓa da namu, ya rubuto wa Edita. Abincin wani gubar wani.