Baba Soja na Illela

Lahadi ce ranar kasuwar Illela, kuma tun asuba hanyar Kwanni take cika. Tireloli na jiran lodin shanu zuwa kudu, Adarawa na gangarowa da raƙuma da tumaki, 'yan canji sun baje naira da sefa a gabansu. A irin wannan safiya da kowa ke sauri kada ciniki ya wuce shi, akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana bin wata hanya dabam. Farar rigarsa a goge, takalmi ya sha mai, carbin rosari a aljihu, yana tura tsohon kekensa zuwa cocin Katolika. Sai an tashi daga Misa, hantsi ya ɗaga, sannan yake sa 'ya'yansa su fito da buhunan albasa. Dillalai sun sha gaya masa cewa cinikin safe shi ne ciniki. Bai taɓa sauya tsarinsa ba, yakan ce rabonsa zai jira shi.

Baba Soja ake ce masa a unguwa, yara da manya, har da yawa ba su san sunansa na yanka ba. Ya rasu bayan an gama girbin gero, kuma ina ganin bai kamata irin rayuwarsa ta wuce ba tare da an rubuta ko da kaɗan daga cikinta ba.

Mutumin ƙasar Zuru ne, inda aikin soja ya daɗe da zama kamar gado. Ya shiga soja yana saurayi a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Kafin yaƙin sojojin Najeriya ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba, amma lokacin da aka ajiye makamai a watan Janairu na 1970 sun kai wajen 250,000. Da gwamnati ta fara rage su a ƙarshen shekarun 1970, dubban samari irinsa suka fito da akwatin ƙarfe da takardar sallama, kowa ya nemi inda zai dafa. Shi aikin gadi ne ya kawo shi bakin iyaka. Ya karɓi aron gona a hannun mai unguwa don ya rage sayen hatsi, aron ya zama saye, gadin ya ƙare, noman ya ɗore.

A gonar ne aka fi saninsa. Da damina gero da wake, kamar kowa. Amma zuciyarsa na fadama, wajen tafkin Kalmalo, inda ake noman rani. Idan sanyi ya fara shigowa zai reni irin albasa, ya fi son jan irin nan na Galmi da ake kawowa daga Nijar, sannan a yi dashe. Fangulansa a miƙe suke kamar sojoji a faretin safe, ba wanda ya fi wani faɗi, kuma da igiya yake aunawa. Ma'aikatan da yake ɗauka sukan yi gunaguni, amma idan aka saki ruwa sai ka ga ya ratsa ko'ina daidai, babu inda ya kwanta ya ruɓar da shuka. Bayan cira ba ya gaggawar sayarwa. Yana da rudu biyu a bayan gida, na kara da ciyawa, an ɗaga su daga ƙasa don iska ta shiga. Duk 'yan kwanaki zai durƙusa ya bi albasar da hannu, ya matsa wuyanta, wadda ya ji ta yi laushi ya fitar da ita kafin ta lalata 'yan uwanta. Da haƙurin nan yake kai kayansa lokacin da farashi ya tashi, kuma da kuɗin ya biya makarantar 'ya'yansa, maza da mata.

Katolika ba su da yawa a wannan yanki. Limaman Dominika daga Amurka ne suka kafa aikin cocin a ƙasar Sakkwato, aka ba yankin matsayin kansa a 1953, ya zama cikakkiyar diyosis a 1964, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagorantarta tun 2011. A garuruwan bakin iyaka masu zuwa coci galibi baƙi ne: 'yan kasuwa daga kudu, ma'aikatan kwastan da shige da fice, malaman makaranta. Yau suna nan, gobe an yi musu canjin wurin aiki. Shi ya sa dattijon da ya zauna daram yake da nauyi. Idan Fada ya yi tafiya, shi da katikis ne ke jan addu'a da Hausa. Idan sabon iyali ya sauka, shi ke nuna musu gidan haya da mai sayar da ruwa. Ranar bikin godiyar kaka kuwa, damin geronsa ne ke fara shiga coci, matarsa na biye cikin 'yan zumunta mata.

Bai cika maganar yaƙi ba. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, yakan sa hularsa ta soja, shi ke nan. Sai a watan Nuwamba, lokacin da Katolika ke yi wa mamatansu addu'a, yake miƙa wa Fada takarda mai sunayen abokansa da suka kwanta dama a fagen daga. Kusan rabin sunayen na Musulmi ne, kuma bai taɓa ware su gefe ba.

Zamansa da maƙwabta ma haka yake. Da Kirsimeti yakan kira mahauci Musulmi ya yanka masa akuya, don kowa ya ci ba tare da shakka ba. Da babbar Salla kwanukan nama su cika gidansa. A watan azumi ba ya shan ruwa a gaban ma'aikatansa. Ba zan ce zaman bai taɓa girgiza ba. A watan Mayu na 2022, da rikici ya tashi a Sakkwato har aka kai hari kan babban cocin Holy Family, wasu Kiristoci a garuruwan jihar sun kwashe iyalansu. 'Ya'yansa da ke birni suka matsa masa ya taho. Ya ƙi. Maƙwabcinsa, wani malamin allo da suka tsufa tare, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, suka yi ta zama har ƙura ta lafa.

Shekarunsa na ƙarshe ba su zo da sauƙi ba. Rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris 2024, sun kashe kasuwa na tsawon watanni. 'Yan bindiga suka sa zuwa gona mai nisa ya zama kasada. Ga kuma fansho, da tafiye-tafiyen tantancewa da suka fi ƙarfin gwiwar tsoho.

Ranar jana'izarsa coci bai ɗauki jama'a ba. Abokan nomansa Musulmi suka tsaya a waje cikin rana har aka fito da shi, kuma kwana uku ana zaman ta'aziyya a ƙofar gida, wasu daga Kwanni suka tsallako. Ɗansa na biyu ya karɓi fadamar.

Matarsa na nan da rai, takardunsa na soja na cikin akwatin ƙarfen da ya zo da shi. Irin waɗannan mata suna da yawa daga Illela zuwa Gwadabawa, Musulmi da Kirista, kuma yawancinsu ba su san ƙofar da za su buga ba. Ya kamata ƙungiyar tsofaffin sojoji ta jihar Sakkwato da shugabannin ƙananan hukumomi su bi su gida-gida, su taimaka musu su karɓi haƙƙin mazajensu tun suna raye.