Gwiwar Hannu Ta Ƙarfe: Shekara Nawa Take Yi?

Duk wanda ya san Wurno, Rabah da Goronyo ya san da ƙarfin hannu ake cin abinci a can, daga noman shinkafa da tafarnuwa a fadama har lodin buhunan albasa. Saboda haka in mutum ya faɗo daga kabu-kabu gwiwar hannunsa ta ragargaje, abincin gidan ne ya taɓu.

Wani lokaci likitoci sukan cire gaɓar da ta lalace su sa ta ƙarfe. Ƙarfe biyu ne, ɗaya cikin ƙashin damtse, ɗaya cikin na sangali, a kafe su da simintin ƙashi, a haɗa su da maratayi mai roba. Binciken ƙasashen Turai ya nuna kamar takwas zuwa tara cikin goma suna nan daram bayan shekara 10. Sauran kuwa sai an sake fiɗa, ko don ƙarfen ya yi sako-sako, ko robar ta cinye, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko ƙashin kewaye ya karye. Fiɗa ta biyu ta fi wuya, gama ƙashin da ya rage kaɗan ne.

Ga inda gizo ke saƙa. Wanda aka sa wa wannan gaɓa ba zai ƙara ɗaga abin da ya wuce kamar kilo 5 ba har ƙarshen ransa, alhali jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Shi ya sa ta fi daɗewa a hannun tsofaffi da masu ciwon sanyin gaɓoɓi, ta fi saurin lalacewa a hannun saurayi manomi. Ga matashi, likitoci sun fi son su ɗaure ƙashinsa na ainihi da faranti da kusoshi, wannan kuwa ya fi yiwuwa in an zo da wuri.

Don haka, 'yan'uwa, kada mu yi watanni muna jiran ɗori ya kama, balle ga yaro, wanda ɗauri mai tsanani kan tsayar masa da jini har hannun ya shanye. A kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a ɗauki hoto.

A Markus sura 3 Ubangijinmu bai jira Asabar ta wuce ba kafin ya warkar da mai shanyayyen hannu. Mu ma kada mu jira. Bari zumuntar mata da matasa su taimaka da kuɗin mota, wanda aka sa wa ƙarfe kuma a ɗauke masa jarka da buhu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.